Yaushe Ake Ajiye Alƙalamin Gyara?

'Yar Fagge: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawarar manya nake nema. Na kammala wani littafi tun bara, labarin wata bazawara ce da ta dawo gidan mahaifinta da 'ya'ya biyu, ta tarar gidan ya koma hannun matar uba. Tun ranar da na rubuta tammat a shafin ƙarshe ban daina taɓa shi ba. Duk sanda na buɗe fayil ɗin sai na ga abin canzawa. In cire jimla yau, gobe in ji kewarta in mayar da ita. Waɗanda muka fara tare sun saki nasu, nawa yana nan cikin waya. Don Allah ta yaya marubuci yake gane gyara ya isa? Akwai wata alama ce, ko kuwa gajiya mutum yake yi ya saki?

Auta: Wa alaikumus salam Anti. Ki sake shi kawai. Ni da daddare nake taifin, da asuba in tura wa masu karatuna, kuma ba su taɓa cewa ba su gane ba. Labari suke so. In kika tsaya sai ya zama babu aibi, wata za ta rubuta irinsa ta riga ki.

Mai Jan Biro: Auta ƙanwata, a nan ba zan bi ki ba. Ni aikina ke nan, ana turo min rubutu in tace, kuma na rantse ciwon da ya fi damun rubutunmu na yanar gizo ba yawan gyara ba ne, rashinsa ne. Za ki ga tauraruwa ta fara da suna ɗaya a shafi na 5, a shafi na 40 ta koma wani suna. Yaron da aka ce yana goye, bayan mako biyu a cikin labarin yana zuwa makarantar boko. Ba a maganar ɓ da ɗ da ƙ da ake zubarwa, har ƙasa ta koma kasa. Masu karatu suna gani, shiru kawai suke yi saboda suna jiran shafin gobe. Don haka kar a ɗauki tambayar Malama a mayar da ita hujjar sakin rubutu ɗanye. Matsalarta daban ce, kuma 'yan kaɗan ne a cikinmu suke da ita.

Malama 'Yar Fagge, magana a iska ba za ta kai mu ko'ina ba. Ɗauko mana jimla ɗaya yadda kika fara rubuta ta, da kuma yadda take a yanzu.

'Yar Fagge: To Yaya. Ga wurin da tsohon mijinta ya zo biko. Farko haka na rubuta:

"Da ta ji sallamarsa a zaure, sai ta kife kwanon da ke hannunta ta shige ɗaki."

Yanzu kuma ga yadda take:

"A daidai lokacin da sautin sallamarsa ya ratsa dodon kunnenta daga can cikin zauren gidan, zuciyarta ta yi wani irin mummunan bugu, jikinta ya ɗauki rawa, ba ta san sanda ta kife kwanon da ke hannunta ba, ta shige ɗaki da sassarfa hawaye na bin kuncinta."

Ɗiyar Maraɗi: Kai! Ta farkon ta hi, nesa ba kusa ba.

Auta: Ni kuwa ta biyun ta fi min daɗi, ta fi kama da littafi.

Mai Jan Biro: Abin da Auta ta faɗa shi ne ainihin cutar: ta fi kama da littafi. Wato ta fi kama da sauran littattafan da muka riga muka karanta. Dodon kunne, bugun zuciya, rawar jiki, hawaye a kunci, duk kayan aro ne, kowa yana da su. Kwanon nan da aka kife shi kaɗai ne naki. A jimlar farko ba ki gaya min abin da take ji ba, sai na tsaya ina tambayar kaina, tsoro ne ko fushi ne ko kunya? Wannan tambayar ce take sa in juya shafi. A ta biyu kin amsa min tun kafin in tambaya, kuma kin sauya halin matar ba tare da kin lura ba: macen farko da gangan ta kife kwano, tana da zuciya. Ta biyun ba ta ma san ta kife ba. Garin gyaran gira an taɓa ido.

Alama ta farko ke nan da zan ba ki. Idan gyaranki ya koma ƙari, kowace jimla tana kumbura, kuma abin da ake ƙarawa kowa ma zai iya rubuta shi, to kin wuce wurin tsayawa.

Malam Na-Zariya: Assalamu alaikum. 'Yata, abin da yake damunki ya dami waɗanda suka fi mu iya alƙalami. Akwai maganar da ɗalibai suke yawan sakawa a gabatarwar kundinsu suna jingina ta ga Imadul Asfahani, alhali masu bincike sun nuna Alƙali Al-Fadil ne ya rubuta masa ita a wasiƙa. Dukansu biyu marubutan fadar Salahuddin Al-Ayyubi ne. Ma'anar abin da ya ce: na lura babu wanda zai rubuta littafi yau face gobe ya ce, da an canza wannan da ya fi kyau, da an ƙara kaza da an fi yabawa, da an gabatar da wannan da ya fi, da an bar wancan da ya fi kyan gani. Ya ce wannan babbar aya ce, tana nuna tawaya ta mamaye ɗan Adam baki ɗaya.

Ki lura, bai ce wannan jin yana gushewa in littafi ya gyaru ba. Cewa ya yi kowa yana jin sa, kowane lokaci. Saboda haka idan kina jiran ranar da za ki buɗe littafinki ki ga babu abin taɓawa, ranar ba za ta zo ba. Wannan jin ba ma'auni ba ne, kar ki auna da shi.

Amma kuma kar Auta ta ce na ba ta gaskiya. Zuhairu ɗan Abi Sulma, ɗaya daga cikin ma'abota Mu'allaƙat, wato shahararrun ƙasidun Larabawa na zamanin Jahiliyya, mahaifin Ka'abu, manyan ƙasidunsa ana kiran su Hauliyyat saboda shekara guda yake yi a kan ƙasida kafin ya fitar da ita. Ana ruwaito cewa wata huɗu yake yi yana tsarawa, wata huɗu yana tacewa, wata huɗu yana karanta wa masana. Har Asma'i, masanin harshen Larabci, ya kira shi da irinsa bayin waƙa. Ga shi yau fiye da shekara 1400 ana karanta shi a zaurukanmu.

Ɗalibin Adabi: Allah ya ƙara wa Malam lafiya. Abin da ya ja hankalina a labarin Zuhairu ba tsawon shekarar ba ne, iyakarta ce. Shekara tana da ƙarshe. Kuma kashi ɗaya cikin uku na lokacin ba shi kaɗai yake zaune da waƙar ba, a gaban mutane take. Anti 'Yar Fagge ita kaɗai take kulle da littafinta, babu ranar gamawa, babu idon wani.

Akwai misalin da yake ba ni tsoro. Ralph Ellison, marubuci baƙar fata na Amurka, ya fitar da ƙagaggen labarinsa na farko a 1952, ya samu karɓuwa sosai. Ya kama na biyu, ya yi ta rubutu yana gyara kimanin shekara 40, har ya rasu a 1994 bai fitar da shi ba. Ya bar shafuka sama da 2000. Wani ne daban ya zauna ya tsamo wani sashe ya buga a 1999. Wato a ƙarshe hukuncin da ya ƙi yankewa, wani ne ya yanke masa bayan ba ya nan. Ni a ganina wannan ya fi fitar da littafi mai ɗan aibi ciwo.

Sha'irin Gobir: Ku masu zube kuna cikin wahala. Mu a waƙa muna da abin da yake gaya mana. In kari, wato awon waƙa, ya zauna, amsa-amo ya faɗa inda ya dace ba tare da an murɗe wuyan kalma ba, na rera baitin daga farko har ƙarshe numfashina bai sarƙe ba, to ya gama. Da zarar ka ce bari in sauya kalma ɗaya don ta fi armashi, sai gaɓa mai nauyi ta faɗa gurbin marar nauyi, ɗangon, wato layin, ya karye, ka gyara shi na ƙasansa ya ƙi, baitin mai layi biyar duka ya rushe. Waƙa da kanta take hana ka wuce gona da iri. Shawarata ga 'yar'uwa: ki karanta babin da ƙarfi, ki naɗa a waya, ki saurara kina wani aiki. Inda kunnenki ya yi tuntuɓe, nan ne wurin gyara. Inda ya wuce lafiya, ki bar shi ko da idonki yana ƙaiƙayi.

Ɗalibin Adabi: Malam Sha'iri, da girmamawa, kari yana iya zama daidai waƙar kuma ba ta ce komai ba. Mun sha ganin baitoci lafiyayyu a awo, amma babu abin da ya rage a zuciya bayan an rufe baki.

Sha'irin Gobir: Gaskiya ne, amma wannan ba gyara yake magance shi ba. Waƙar da ba ta da abin faɗa, ko ka shekara kana goge ta ba za ta samu ba. Sabuwa ake yi.

Ɗiyar Maraɗi: Ni ga abin da ya same ni, ku ji. Na rubuta labarin wata tsohuwa mai saida ƙuli-ƙuli, maganarta duka yadda mutanenmu ka yi na sa ta: munka tahi, ya hwaɗi, ɗiyata. Kowane zagaye na gyara sai in ɗan matsa da ita wajen daidaitacciyar Hausa, ina tsoron a ce ban iya rubutu ba. Wata rana na karanta ma ƙanwata, ta ce mini wannan tsohuwa ba tamu ba ce, ta yi kama da mai karanta labarai a rediyo. Allah ya taimake ni ina da kwafin farko a littahin makaranta, da hannu na rubuta shi. Don Allah kowa ya riƙa ajiye kwafin farko daban, kar a yi gyara a kansa. Bayanin marubuci a daidaita shi, wannan ba gardama. Amma bakin taurari a bar musu abinsu.

Mai Jan Biro: Wannan magana ta Ɗiyar Maraɗi a rubuta ta da manyan baƙaƙe. Waya ita ce ta ƙara mana wannan ciwo. Mai rubutu a takarda yana ganin abin da ya soke, yana nan ƙarƙashin layi. A waya in kin goge, ya tafi, ba ki da abin kwatantawa, sai ki ɗauka kullum gaba kike yi.

Baban Maɗaba'a: Ni ba marubuci ba ne, buga muku nake yi. A zamanin da littattafan Hausa suke fita kashi-kashi, na ɗaya da na biyu da na uku, ana kai su kasuwa a Kano, ba a wannan doguwar muhawara. Kuɗi ne suke tsayar da gyara. Kafin a ɗora aiki a faranti, wato allon da injin yake bugawa da shi, kowa ya duba abinsa. Bayan an ɗora, duk kalmar da ka ce a canza sabon faranti ne, daga aljihunka. Marubuci yana sanin haka sai ya natsu ya yi duban ƙarshe da gaske, ya sa hannu. Yanzu fayil ba ya rufuwa. Ku ƙirƙiro wa kanku ranar rufewa. Ku dubi Hikayata, gasar gajerun labarai ta mata da BBC Hausa ta fara a 2016: an ce kalma 1000 zuwa 1500, an sa ranar rufe karɓa. Mata da yawa da suke cewa ba su iya gama labari ba, sun gama saboda ranar nan.

Hajiya Uwar Marubuta: Na karanta duk abin da kuka ce, kowa ya kawo alheri. Amma akwai abin da ba a taɓo ba, kuma mu mata mun fi saninsa. Sau da yawa ba jimla muke gyarawa ba, ranar fitowa muke ɗagawa. Littafin da yake cikin waya babu mai zaginsa. Ranar da ya fita, dangin miji za su karanta su ce da su ake, wata a sharhi ta ce kin ɓata tarbiyya, wani malamin jami'a ya ce ba adabi ba ne. Gyara yana ba ki mafaka mai mutunci: in an tambaye ki sai ki ce ina kan tacewa, kowa ya yaba miki da ƙwazo. 'Yata, labarin bazawara da matar uba kika rubuta. Na san irin maganar da zai jawo. Ki tambayi zuciyarki tsakaninki da Allah ko wannan yana ciki.

Ga yadda nake yi. Zagaye uku, kowanne da aikinsa. Na farko labari kawai nake dubawa: wa ya yi me, don me, shekaru da watanni sun yi daidai, akwai babin da in an cire shi ba za a rasa komai ba. Ba na taɓa jimla a nan. Sai in ajiye shi wata guda ko fiye, ba na buɗewa. Na biyu jimla da maganar taurari. Na uku ƙa'idojin rubutu, raba kalma da haɗe ta, baƙaƙe masu ƙugiya, aya da waƙafi. In na shiga na uku ba na komawa na farko. Kuma a kowane zagaye ina da sharaɗi ɗaya: kafin in canza abu sai na iya faɗin laifinsa da baki. Misali: wannan kalmar ta maimaitu a layi biyu. Yarinya 'yar shekara bakwai ba ta magana haka. Wannan ya saɓa wa abin da na ce a babi na 3. In abin da zan iya cewa kawai shi ne "bai kwanta min ba", to hannuna ba ya taɓa wurin.

Mai Jan Biro: Hajiya, Allah ya ƙara girma. Tsarin zagaye ukun nan na karɓa hannu biyu. Sharaɗin ƙarshen ne nake da ja a kansa. "Bai kwanta min ba" ba kullum ƙarya yake yi ba. Sau da yawa gaskiya yake faɗa, wurin ne yake kuskurewa. Na ga marubuta da dama suna ta goge jimlolin babi na 1 har su yi santsi, alhali abin da yake hana su barci yana can babi na 20, wata babbar ɓaraka a ginin labarin da suke tsoron fuskanta domin gyaranta yana nufin rushe shafuka talatin. Ƙaramin gyara ya fi sauƙi, sai a yi ta yin sa, rashin natsuwar kuma ba ya tafiya saboda ba a taɓa tushensa ba. In aka ce wa irin wannan marubucin ya tsaya haka nan, an cuce shi.

Malama 'Yar Fagge, tambaya biyu. Wane babi kika fi taɓawa? Wanne ne kuma ba kya son buɗewa?

'Yar Fagge: Hajiya, maganarki ta shige ni, akwai wannan tsoron, ba zan ɓoye ba. Yaya, babi uku na farko na fi taɓawa. Wanda nake tsallakewa kuwa na kusa da ƙarshe ne, inda uban ya rasu, matar uban ta kira ta ɗaki ta nemi gafara ta ba ta takardun gidan. Amma ni ban ɗauke shi a matsayin ɓaraka ba. Mutuwa tana karya zuciya, na ga mutanen da suka sauya a zaman makoki.

Mai Jan Biro: Suna sauyawa, ban musa ba. Tambayar ita ce ko kin shuka wannan sauyin tun baya. Akwai wuri ko ɗaya a babukan farko da matar nan ta nuna tausayi, ko a ɓoye, ko ga jikokin mijinta? In akwai, babin ya tsaya da ƙafarsa, ki rufe fayil. In babu, mai karatu zai ji kamar kin gaji ne kika sasanta su.

Ɗiyar Maraɗi: Kuma takardun gida ba abin wasa ba ne. Magada hwa? Gida gado ne, ba nata ba ne ita kaɗai balle ta bayar. Mai karatu Bahaushe zai tsaya nan.

Malam Na-Zariya: Ta yi gaskiya. Matar da mijinta ya rasu ya bar 'ya'ya, tumuni take da shi, wato ɗaya bisa takwas, in su da yawa ne su raba shi. Sauran na magada ne, ita bazawarar tana cikinsu. Matar uban tana iya fito da takardun da ta ɓoye ta miƙa don a yi rabo, wannan ya yiwu, kuma ya fi ƙarfi a labari domin ya nuna ta sauke abin da ta danne. Amma ta ba da gida kyauta, ba hurumin ta ba ne. Ga laifi mai suna, irin wanda Hajiya ta ce.

Hajiya Uwar Marubuta: To ka gani, Mai Jan Biro, ba mu saɓa ba sosai. Sunan laifin ya fito, amma sai da wasu idanu suka shigo. 'Yata, ki tura wa mutum biyu littafin, ba goma ba, goma za su raba miki hankali. Kar ki tambaye su ko ya yi daɗi. Ki ce su nuna miki inda suka fara gajiya da inda suka daina yarda. Abin da su biyun suka haɗu a kai ki gyara. Babi uku na farko kuwa ki dawo da tsohon kwafinsu in kina da shi.

'Yar Fagge: Ina da shi a imel, na taɓa tura wa kaina. Yaya Mai Jan Biro da Ɗiyar Maraɗi, in ba damuwa ku ne biyun.

Shugaban Zaure: Madalla. A yi ta bayan fage, kar a ɗora littafin a nan kafin ya fita.

Auta: Ni ma ina da tambaya tunda an zo nan. Littafin da nake saki yanzu na kai shafi na 30, sai jiya na lura a farko na ce mahaifin yarinyar ya rasu tana ciki, a shafi na 22 kuma ta ba da labarin yadda yake kai ta makaranta a kan keke. An riga an yaɗa shafukan, har wata tana karanta shi a YouTube. In koma in gyara na baya ne, ko in yi shiru?

Mai Jan Biro: Kar ki yi shiru, kuma kar ki sake tura tsofaffin shafuka, za su zama kwafi biyu suna yawo, ba wanda zai san na gaskiya. A saman shafin gobe ki rubuta layi biyu ki ce mai keken kawunta ne, ƙanin mahaifinta, kuskuren alƙalami ne. Ki gyara a fayil ɗinki na asali domin ranar da za ki haɗa shi cikakke. Sannan ki buɗe littafin rubutu ki ware wa kowane tauraro shafi: sunansa, shekarunsa, iyayensa, wanda yake raye da wanda ya rasu, da shafin da kika faɗi hakan. Daga yau kuma ki riƙa kasancewa shafi uku gaba da masu karatunki, abin da kika rubuta daren Litinin kar ya fita sai Alhamis, kin sake karanta shi da rana.